Kalmar abroad a rubutun likitanci: wajen wace ƙasa ake nufi?

Wani matashin likita da ke neman ƙwarewa a fannin cututtukan ƙoda ya rubuto yana cewa ya aika da maƙalarsa ta farko zuwa wata mujallar likitanci, a kan ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani da ake samu a jikin masu wankin ƙoda. Maƙalar ta dawo masa da gyare-gyare, kuma ɗaya daga cikin masu tantancewa ya ja layi ƙarƙashin kalmar Turanci abroad, wato ƙasar waje, a wurare uku, yana tambaya kowane lokaci ko wajen wace ƙasa ake nufi. Wuri na farko a gabatarwa ne, inda ya ce binciken da aka yi a gida da waje ya nuna matsalar tana ƙaruwa. Na biyu a sashen hanyoyin bincike, inda ya ce an tambayi majiyyata ko sun yi tafiya zuwa ƙasar waje. Na uku a sashen tattaunawa, inda ya ce da yawa daga cikinsu suna fita waje neman dashen ƙoda. Yana so ya sani ko kalmar kuskure ce a Turancin kimiyya, ko kuwa mai tantancewar ne kawai ya tsananta.

Likita, kalmar ba kuskure ba ce, kuma za ka same ta a manyan mujallu da takardun hukumomin lafiya ba iyaka. Duk da haka mai tantancewar yana da gaskiya a wurare biyu na farko, a na uku kuwa gyaran da ake bukata kaɗan ne. Dalilin shi ne abroad ba sunan wuri ba ne. Tana cikin jinsin kalmomi irin su nan da can da jiya da bana, waɗanda ba a gane abin da suke nuni gare shi sai an san wanda ya furta su, da inda yake tsaye, da lokacin da ya yi maganar. Idan kana hira da abokin aikinka a ɗakin likitoci babu matsala, domin ƙasa ɗaya kuke takawa. Maƙala kuwa ana karanta ta a Legas da Landan da Lahore, kuma za a ci gaba da karanta ta bayan shekara talatin, don haka kalmar da ma'anarta ta rataya a kan mazaunin marubuci takan isa ga mai karatu fanko.

Asalin kalmar a tsohon Ingilishi yana nufin a shimfiɗe ko a baje, daga nan ta koma nufin wajen gida, kafin ta zo ga ma'anar wajen ƙasa da muka fi sani yau. Shi ya sa idan ka buɗe tsofaffin rahotannin annoba na Ingila ka ga an ce cuta tana abroad, ba ana nufin tana wata ƙasa ba ne, ana nufin ta bazu tana yawo cikin jama'a, kuma idan an ce an bar majiyyaci ya fita abroad, fita shan iska ake nufi. Mai nazarin tarihin likitanci ya kiyaye wannan. Kalmarmu ta waje ma haka ta yi tafiya: akwai wajen ɗaki, akwai Waje ta Kano wadda take bayan ganuwa, sannan akwai ƙasar waje. A nahawu kuma abroad bayanau ce, ba suna ba ce ba kuma sifa ba, saboda haka ana iya cewa from abroad, amma in abroad da to abroad da ake yawan ji a bakin mutanenmu ba su karɓuwa a rubutu, haka nan ba a ɗora ta gaban suna don ta siffanta shi. Wannan ɓangaren gyaransa minti ɗaya ne, kuma ba shi ne ya dami mai tantancewarka ba.

Jimlarka ta gabatarwa ita ce mafi sauƙin hukunci. Furucin at home and abroad ya yi yawa ƙwarai a maƙalun da ke fitowa daga ƙasar Sin, domin fassara ce ta wata daidaitacciyar magana da ake buɗe bitar ayyukan magabata da ita a rubutun ilimi na Sinanci, kuma editoci sun daɗe suna goge ta. Mu ma muna da irinta, tunda kunnenmu ya saba da labaran gida da na waje tun muna yara. Aibinta a maƙala shi ne ta raba duniya gida biyu, ƙasarka a hannu ɗaya da sauran ƙasashe kusan 200 a ɗaya hannun, kamar dukansu hali ɗaya suke ciki. A fanninka kuwa bambancin da ke tsakaninsu shi ne labarin. A Girka, fiye da rabin ƙwayoyin Klebsiella da ake samu a jinin majiyyata sun bijire wa magungunan jinsin kabapenem, waɗanda ake ajiyewa don ranar da sauran suka gaza, alhali a Norway da Finland da ƙyar ake samun ɗaya ko biyu cikin ɗari, kuma dukansu a nahiya ɗaya suke. Wanda ya ce bincike a waje ya nuna abu kaza bai faɗa mana ko Girka yake nufi ko Norway ba. Ni a ganina irin wannan jimla sau da yawa mafaka ce ga marubucin da bai gama karatun da ya kamata ba, domin wanda ya karanta maƙalu biyar zai iya cewa an samu haka a Indiya da Masar da Afirka ta Kudu, ya kawo shekarun da adadin. Ka yi haka, ka kuma ambaci binciken Najeriya da sunan garuruwan da aka yi su, sai jimlar ta tsaya da ƙafarta.

Wuri na biyu shi ne inda nake so mu daɗe, domin matsalarsa ta wuce ta zaɓen kalma, ta shiga cikin ingancin alƙalumanka. Ba da Turanci ka tambayi yawancin majiyyatanka ba. Kai ko ma'aikaciyar jinya ko ɗalibin da ya taya ka cike takardar tambayoyi, wani ya juya tambayar zuwa Hausa a bakin gado, kuma kusan tabbas abin da ya ce shi ne, ka taɓa zuwa ƙasar waje? A kunnen Bahaushe ƙasar waje wuri ne da ake zuwa da jirgin sama da biza, inda ake sanyi ko ake kashe dala. Makka da Madina ƙasa mai tsarki ce, wanda ya dawo Umara watan jiya yana iya amsa maka da a'a ba tare da ya yi niyyar ɓoye komai ba. Direban da ke ɗauko motoci daga Kwatano zai ce maka aiki ya je. Mutumin Jibiya da ke cin kasuwar Maraɗi, ko na Daura da 'yarsa ke aure a Damagaram, ba ya lissafa wannan a matsayin fita waje ko kaɗan.

Na ga wannan da idona a wani asibiti da na yi aiki. An kwantar da wani dattijo daga yankin Illela da ciwon mafitsara wanda ya ƙi jin duk maganin da muka ba shi, kuma a katinsa an rubuta cewa bai taɓa tafiya waje ba. Da na sake tambayarsa sai ya yi dariya ya ce, “Likita, ni da ko Ikko ban taɓa gani ba, ina ni ina ƙasar waje?” Kwana biyu bayan haka ɗansa yana zazzage ledar magunguna a kan gado don ya nuna mini abin da baban ke sha a gida, sai ga wata takardar sallama da aka rubuta da Faransanci ta faɗo. Ashe wata biyu kafin nan an kwantar da shi kwana tara a wani asibiti a Nijar, har an sa masa robar fitsari. Da na ɗaga takardar na nuna masa, sai ya ce, “Ai wannan wajen ƙanwata na je a Ƙonni, ciwon ya tashi, suka kai ni asibiti.” A wurinsa tafiyar 'yan mintuna a kan babur zuwa gidan 'yar'uwa ba ta da alaƙa da abin da muka tambaye shi. A takardar bincike irin taka, wannan dattijo zai faɗa layin waɗanda ba su je ko'ina ba, alhali shi ne ainihin mutumin da aka tsara tambayar domin a gano.

Tun a shekarar 1963 Brian Maegraith, shugaban makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, ya buga wata gajeriyar maƙala a mujallar Lancet wadda takenta da Latin yake nufin daga ina ka fito, yana jan hankalin likitocin Birtaniya cewa jirgin sama ya sa mutum na iya ɗaukar cuta a wata nahiya ya iso gida kafin alamunta su bayyana. Abin lura shi ne tambayar tasa buɗaɗɗiya ce, wadda amsarta sunan wuri ce, ba i ko a'a ba. Ita ce kuma tambayar da muke yi wa baƙo idan ya yi sallama. Da an tambayi dattijon nan inda da inda ya kwana a cikin shekarar, da kuma ko an taɓa kwantar da shi a wani asibiti ko da na ƙauye ne, da Ƙonni ta fito tun ranar farko.

Ko sunan nahiya ma bai isa ba. A ƙarshen Satumban 2014 wani mutum mai suna Thomas Eric Duncan ya je wani asibiti a Dallas ta Amurka da zazzaɓi, an kuma rubuta cewa ya zo daga Afirka, amma aka sallame shi da magani ya koma gida. Daga Laberiya ya fito, a tsakiyar annobar Ebola. Ya dawo asibitin bayan 'yan kwanaki jiki ya tsananta, ya rasu ranar 8 ga Oktoba, kuma ma'aikatan jinya biyu suka kamu. A Koriya ta Kudu a watan Mayun 2015, wani mutum ɗan shekara 68 da ya ratsa Bahrain da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Saudiyya da Katar ya zagaya asibitoci da dama kafin a gane cutar numfashi ta MERS ce, kuma kafin a shawo kan lamarin mutum 186 sun kamu, 38 sun mutu. A duka biyun abin da ya yi jinkirin isa ga mai yanke shawara shi ne takamaiman wuri.

Bayan wuri sai lokaci, wanda kalmar abroad ba ta ɗauke da shi sam. Kowace cuta tana da tsawon kwanakin da take yi a ɓoye kafin ta bayyana. Zazzaɓin shawara kwana 3 zuwa 6 ne, Ebola kwana 2 zuwa 21, alhali wasu nau'o'in ƙwayar maleriya suna iya laɓewa a hanta su tashi bayan watanni, tarin fuka kuwa yana iya jiran shekaru. Ƙwayoyin da kake nazari su ma suna iya zama a hanjin mutum wata da watanni ba tare da sun sa shi ciwo ba. Don haka tambayar da ba ta da iyakar lokaci tana haɗa wanda ya dawo daga Alƙahira makon jiya da wanda ya yi aikin Hajji a 1998 a rukuni ɗaya, kuma duk lissafin da aka gina a kan rukunin zai raunana.

Akwai kuma inda kan iyakar siyasa da kan iyakar cuta suke saɓa wa juna ƙarara. Tsibirin Réunion da ke tekun Indiya yanki ne na Faransa, da fasfo ɗaya da kuɗi ɗaya. A shekarun 2005 da 2006 zazzaɓin cikungunya ya kama kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen tsibirin, kuma matafiyin da ya dawo Paris daga can bai je ƙasar waje ba a ido na doka, ko da yake ya yi tafiyar dubban kilomita zuwa tsakiyar annoba. Wannan ne ma ya sa overseas da abroad ba su zama abu ɗaya ba, domin ana iya ƙetare teku ba a bar ƙasa ba, ana kuma iya barin ƙasa ba a ga teku ba. A gida ma haka abin yake. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, daga Jibiya zuwa Maraɗi kuwa bai fi tafiyar awa guda ba. Likitan da ke zargin zazzaɓin Lasa ya fi bukatar ya san ko majiyyaci ya je Edo ko Ondo ko Bauchi a kan ya san ko an buga masa hatimi a fasfo.

Masu yaƙi da maleriya sun daɗe da warware wannan, kuma yana da kyau ka ga yadda suka yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta rarraba masu cutar gwargwadon inda sauro ya cije su. Akwai wanda ya ɗauko ta a wajen yankin da aka gano ta a jikinsa, akwai wanda ya kamu a cikin yankin amma kai-tsaye daga wancan mai shigo da ita, akwai kuma wanda ya kamu a cikin yankin ba tare da wata alaƙa da shigowa ba, wato ɗan gida na asali. Ka lura ma'anar ta ce yanki, ba ta ce ƙasa ba, don haka tana aiki ko a tsakanin jihohi. Wannan rarrabewa tana da nauyi, domin ba a ba ƙasa shaidar kawar da maleriya sai ta yi shekara uku a jere babu ɗan gida na asali ko ɗaya. Da wannan ma'auni Aljeriya ta samu shaidar a 2019, Sin a 2021, Masar a 2024, ko da yake har gobe matafiya suna shigar musu da cutar. Shan inna ya ba da misali mafi kaifi. An ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a ranar 25 ga Agustan 2020, sannan a Fabrairun 2022 aka sanar da samun ta a jikin wata yarinya a Lilongwe, babban birnin Malawi. Binciken ƙwayar halittar cutar ya nuna daga Pakistan zuriyarta ta fito, shi ya sa shaidar Afirka ba ta faɗi ba. A nan ƙwayar cutar ce baƙuwa, yarinyar kuwa a gida ta kamu. Marubucin da ya ce cutar daga waje take bai bambance mana tsakanin tafiyar mutum da tafiyar ƙwayar cuta ba, kuma matakin da hukuma za ta ɗauka ya dogara ne a kan wannan bambanci.

Da wannan za ka iya zaton ina cewa a kori kalmar baki ɗaya, amma akwai inda take aikinta daidai, wato inda kan iyakar ita kanta ce abin magana, kuma an riga an faɗi ƙasar da ake kallo daga cikinta. Asibitocin Ingila suna tambayar wanda za a kwantar ko an taɓa kwantar da shi a wani asibiti abroad a cikin wata 12 da suka wuce, domin a gwada shi a kuma keɓe shi idan ya cancanta. Wannan amfani ne mai kyau, saboda takardar ta Ingila ce, ma'aikatan Ingila za su yi aiki da ita, ta ƙayyade lokaci, kuma ta ƙayyade cewa kwanciya a asibiti ake nufi ba yawon buɗe ido ba. Tarihin fanninka ma ya nuna dalilin wannan tambaya. Sinadarin NDM-1, wanda ke sa ƙwayoyin cuta su karya ƙarfin kabapenem, an fara gano shi ne a farkon 2008 a fitsarin wani majiyyaci a Suwidin wanda aka kwantar a asibiti a Indiya kafin ya koma.

Jimlarka ta uku tana cikin wannan rukuni, shi ya sa na ce gyaranta kaɗan ne. Idan kana maganar majiyyata da ke barin Najeriya don dashen ƙoda, fita daga ƙasar shi ne batun: tsarin lafiya daban, dokoki daban, kuɗin musanya, da matsalar wanda zai ci gaba da duba mutum bayan ya dawo. Ka rubuta wajen Najeriya a karon farko, ka lissafa ƙasashen da majiyyatanka suka je da adadin kowace, daga nan kana iya amfani da abroad a sauran sakin layin ba wanda zai ruɗe. Sai dai ka yi hattara da laƙabin da za ka ba tafiyar. Sanarwar Istanbul ta 2008 a kan fataucin sassan jiki ta bambanta tafiya don dashe, wadda halal ce idan mutum ya tafi da ɗan'uwansa mai ba shi ƙoda ta hanyar da doka ta yarda, da yawon dashe wanda ya ƙunshi saye da sayarwa ko tauye haƙƙin 'yan ƙasar da aka je. Kada ka sa wa majiyyatanka suna na biyu sai kana da hujja. Ka kuma tuna ana dashen ƙoda a cikin Najeriya tun shekarar 2000, a Kano kuma tun 2002, don haka mai karatu zai so ya san nawa ne aka yi wa a gida, domin da su za a kwatanta.

Kalmar tana fitowa kuma a wasu wurare biyu da za ka ci karo da su a karatunka, wato haihuwa a waje da karatu a waje, kuma kowace hukuma da ma'anarta. A ƙididdigar tarin fuka ta Amurka, fiye da kashi biyu cikin uku na masu cutar ba haifaffun ƙasar ba ne, amma wanda aka haifa a wata ƙasa alhali ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Amurka ne, a cikin haifaffun Amurka ake lissafa shi. Hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, wadda aka kafa a 1956, wurin da makarantar take take dubawa ba fasfon ɗalibi ba, saboda haka Ba'amurken da ya yi karatu a tsibiran Karebiyan yana layi ɗaya da ɗan Zariya. Majalisar likitoci ta Najeriya ma tana yi wa waɗanda suka yi karatu a waje jarrabawa, kuma galibinsu 'ya'yanmu ne da suka dawo daga Sudan ko Masar ko Yukren. Duk wanda zai kwatanta alƙaluman ƙasashe biyu a kan wannan sai ya fara karanta ma'anar da kowace ta bayar. Kan iyakar ma ba a kafe take ba: majiyyacin da ya zo Khartum daga Juba a 2010 ɗan gida ne, wanda ya yi wannan tafiya bayan 9 ga Yulin 2011 kuwa daga ƙasar waje ya zo, kuma binciken da ya ratsa waɗannan shekaru dole ya faɗi yadda ya lissafa shi.

Wataƙila ka ji tsoron cewa ambaton sunan ƙasa zai zama ɗora mata laifi, kuma tsoron yana da tushe. Sunan NDM-1, wanda ya ƙunshi sunan birnin New Delhi, ya jawo fushin hukumomin Indiya a 2010, kuma a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa a daina raɗa wa sababbin cututtuka sunan gari ko ƙasa ko al'umma. Garin Lassa na jihar Borno yana ɗauke da irin wannan nauyi tun 1969. Amma ƙa'idar ta shafi raɗin suna ne, ba ta hana a faɗi inda majiyyaci ya kamu ba. Ni ma ina ganin kalmar waje ta fi sunan ƙasa saurin haifar da ƙyama, domin tana sa mai karatu ya ji kamar cuta abin baƙi ce, gida kuwa tsaf yake. A bincikenka wannan haɗari ne na zahiri, domin idan ka jingina bijirewar ƙwayoyin cuta ga fita waje a dunƙule, za ka kawar da ido daga allurai da ƙwayoyin da ake saya a kemis ba takardar likita, da kuma tsaftar ɗakin wankin ƙodar kansa. Inda ya kamata ka taƙaita bayani shi ne rahoton majiyyaci guda, idan haɗa sunan ƙauye da sana'a da ranar tafiya zai sa a gane mutumin, a nan sai ka tsaya a kan ƙasa da wata.

Ƙa'idar STROBE ta 2007, wato jagorar yadda ake rubuta rahoton bincike, wadda mujallu da yawa ke bukatar a bi a irin bincikenka, ta nemi a bayyana wurin da aka yi bincike da kwanakinsa, a kuma fayyace ma'anar kowane abin da aka auna da yadda aka samo shi. Mai tantancewarka wannan yake nema. Abin da zan ba ka shawara ka yi shi ne ka koma ga fayilolin majiyyatan, tunda masu wankin ƙoda suna zuwa sau biyu ko uku a mako kuma yawancinsu za ka same su a kan kujerar injin. Bayan ka sanar da kwamitin ɗa'ar bincike, ka sake tambayar kowannensu da Hausar da zai gane: a cikin wata 12 kafin a ɗauki samfurinka, a waɗanne garuruwa ka kwana, ka je Hajji ko Umara, an kwantar da kai ko an yi maka wankin ƙoda a wani wuri ban da nan, kwana nawa, an sa maka roba ko an yi maka aiki. Ka rubuta ainihin lafazin tambayar a sashen hanyoyin bincike, ka faɗi harshen da aka yi ta da shi. Waɗanda suka rasu ko suka daina zuwa, ka nuna adadinsu a fili a matsayin waɗanda ba a samu bayaninsu ba, kada ka zuba su cikin masu amsa a'a, kuma ka ambaci wannan a cikin raunin binciken. Sannan a wasiƙar da za ka mayar wa edita, ka ɗauki wuraren uku ɗaya bayan ɗaya, ka kawo tsohuwar jimla da sabuwa, tare da lambar shafi da layin da kowace take.